Tanar da Baba Ya Kasa Zaɓa

Katata, farkon Afrilu

Zuwa ga Mamana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin naki? Ina fata ƙugun ya fara ɗaukar ki, kuma masu jinya ba sa takura miki da atisaye. Tunda kin ce ba kya ji sosai a waya, sai na koma ga takarda.

Gida lafiya lau. Wurin aikina a Osaka sun ba ni hutu, kada ki damu. Baba yana cin abinci, sai dai ya ce miyar miso ɗina ruwa ce zalla.

Jiya ya ce in raka shi shagon abokinsa Nishibori ya sayi tanar roba ta kamun kifi, wai tafkinmu ya fara ɗumi, kifin nan da ake kira bas ya matso gaɓa. Ya ɗauko koriya miƙaƙƙiya mai ɗigon baƙi, ya ɗauko wata ruwan ƙasa mai lanƙwasasshiyar jela, ya tsaya yana kallonsu. Ya mayar, ya sake ɗauka. Har Nishibori ya leƙo ya ce, "Kai Kuniaki, aurensu za ka yi ne? Ɗauki ɗaya ka ba ni wuri, tsoho!" Kin san da can sai Baba ya rama masa har shagon ya ɗauki dariya. Jiya murmushi kawai ya yi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ina ƙarama, hannu kawai yake tsomawa a ruwa, ya dubi sama, ya ce yau ruwa garau ne, koriya za a saka, ko kuwa ya gurɓace, sai baƙa. Bai taɓa dogon tunani a kai ba.

Daga ƙarshe na biya kuɗin duka biyun. Za mu fita Nishibori ya tambaye ni jikinki, ya ce ai tun bara ke kike zuwa saye. Ke, Mama, da ko ƙarnin kifi ba kya so?

Ki huta lafiya. Taki,
Mizuho

Katata, tsakiyar Afrilu

Mamana,

Ina gaishe ki, da fatan kin ƙara samun sauƙi. Wasiƙarki ta iso. Kin ba ni labarin abincin asibiti da furannin bakin taga, amma ba ki amsa tambayata ba.

Ranar Lahadi muka fita tafki a jirgin ruwan Baba. Shi ya ja, kuma ya ja da kyau har bakin ciyayin ruwan nan da yake so. Na ji daɗi, na ce a raina ashe tsorona ne kawai. Sai ya buɗe akwatinsa. Tana iri-iri a jere, ya kai hannu kan wannan ya janye, ya kai kan waccan. Ya laluba aljihun rigarsa, ya sake lalubawa, kamar mai neman abin da ya saba tararwa. Na miƙa masa koriyar. Yana ƙoƙarin soka ta, ƙugiyar ta shige masa tafin hannu. Bai yi ƙara ba. Ya kalli jinin, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?"

Na ce ni ce Mizuho. Ya ce, "A'a, tawa tana makaranta."

Daga nan ya kasa tayar da injin, ni kuma ban iya ba. Iska ta taso daga arewa tana tura mu tsakiya. Na kira Nishibori, ya zo ya ɗaura mu a bayan nasa jirgin. Ko tsokana ɗaya bai yi ba, wannan ma ya fi ba ni tsoro.

Da likita ya cire ƙugiyar muka dawo, sai Nishibori ya zaunar da ni ya gaya mini komai. Ya ce kafin ki kwanta asibiti, kullum da safe kina kiran sa ki tambayi launin ruwa da sanyinsa, ya faɗa miki wadda ta dace, ki soka ta a ƙugiya, ki rufe bakin ƙugiyar, ki zura wa Baba a aljihu. Shi kuma ya ciro yana cewa, "Yau kam wannan ce," kamar shi ya zaɓa. Ya ce ke kike zama kusa da Baba a jirgi duk da jirin da kike yi. Kuma ba a banɗaki kika faɗi ba kamar yadda kika gaya mini, a kan katakon tsayar da jirgi kika zame kina riƙe masa igiya.

Mama, me ya sa ba ki kira ni ba? Jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu. Na yi fushi da ke, na yi kuka, yanzu kuma ban san wanda zan yi fushi da shi ba.

Taki har kullum,
Mizuho

Katata, watan Mayu

Mamana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce kin fara takawa da sanda, na yi murna ƙwarai. Na kuma karanta abin da kika rubuta, cewa kin ji tsoron ranar da za a raba shi da ruwa. Ranar ta zo, Mama. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ya ce kada ya sake jan jirgi, kuma ciwon mantuwa ne, ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. An fitar da jirgin an lulluɓe shi a bayan shagon Nishibori. Na ce wa Baba gyara ake yi. Kowace safiya yana tambaya ko an gama.

Kwanaki ya ƙi abinci, yana zaune a ƙofa da sandar kamun kifinsa a cinya. Sai na kwashe ƙugiyoyin gidan nan kaf na ba Nishibori. Na ɗaure tana a bakin zare haka nan, ba ƙugiya, na kai shi gaɓa wajen duwatsu da yamma. Ban san wadda ta dace ba, baƙa na ɗauka don an yi ruwan sama.

Hannunsa bai manta jifa ba. Ya wurga, ya bari ta nutse, yana ɗan girgiza sandar a hankali. Can sai zaren ya miƙe, sandar ta lanƙwashe. Ya tashi tsaye kamar saurayi yana ihu, "Ya ci! Ya ci!" Kifin ya yi tsalle sama da ruwa, ƙato, na gan shi da idona, sannan ya tofar da tanar ya tafi.

Na zaci zai yi baƙin ciki. Dariya ya yi har da hawaye. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kin gani? Idan kin haɗu da 'yata ki ba ta labari, don in ni na faɗa ba za ta yarda ba."

Na ce masa zan gaya mata.

Da muka koma gida ya cinye shinkafarsa, ya yi mini godiya kamar yadda ake yi wa baƙuwa, ya tambaye ni ko gidanmu da nisa.

Na rubuta wa wurin aiki cewa ba zan koma ba tukuna. Ki warke a hankali, kada ki yi gaggawa saboda mu. Amma sunanki bai manta ba, Mama. Kullum sai ya tambaya ina Yaeko ta je.

'Yarki mai kewarki,
Mizuho