Damin Farko

Laraba, bayan isha'i

Yau ban je gona ba. Na ciro tsohon littafin Bani Isra'ila da wani abokina Kirista ya ba ni tun muna kwalejin horon malamai, mai sharhin malaman dā a gefe. Na sake karanta ayar wani ɗan sarki da yake sammako ya tsaya a ƙofar gari, ya tare masu kawo ƙara, yana ce musu sarki ba ya ta tasu, har ya janye zukatan jama'a. Masu sharhi sun ɗora laifin a kan uban, wai bai taɓa tsawata masa ba. Shekara talatin ina tsawata wa 'ya'yan mutane a aji, ashe da ni suke.

Jiya aka kwaso gero. Tun zamanin kakana, damin farko rumbun maigida ake kai shi. Kabiru, babban ɗana, ya tsaya a bakin gona ya sa ƙannensa suka kai nasa rumbun. Ba wanda ya waiwaye ni.

Da la'asar ƙanena Sale ya zo daga Gafasa yana huci. "Yaya, ka raba gandun nan, ka kori Kabiru! Ko sai ya kai ka kasuwar Ajingi ya sayar?"

Na san ƙarshen labarin da ke cikin littafin. Ɗan ya ƙwace mulki, aka kashe shi, sarki ya koma kan gadon sarautarsa yana kuka.

Na ce, "Sale, ku bi da yaron a hankali."

Ya yi tsaki ya tafi. Tuwon da zan ci gobe, daga rumbun Kabiru za a auno hatsinsa.