Hannuna Ne, In Ji Baba

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Yau ma cinyar Baba ta tashi. Daidai inda na yi masa allurar insulin jiya, wurin ya yi ja, ya yi rudu-rudu, yana ta susa kamar wanda ya kwana cikin ƙaiƙayin gero. Tun da ƙwayoyin ciwon suga suka daina riƙe shi, likita ya mai da shi kan allura, ni nake yi masa safe da yamma. Ni aka koya wa a asibiti, tunda Yaya Shafi'i yana can Kazaure da kekensa na haya. Ina ajiye ɗinkin mutane in taso, amma sakayyar da na samu ita ce, "Sadiyya, hannunki ne. Zafi gare shi."

Alhamis, 4 ga Yuli

Gwaggo Shatu ta zo daga Gwiwa, ta goya wa Baba, yayanta, baya. Wai tun ina ƙarama in na yi wa yarinya kitso sai kanta ya yi ƙuraje. Kitson wa na taɓa yi? Ta lafta masa man kaɗanya, ta ci tuwona, ta tafi.

Asabar, 6 ga Yuli

An kira Lauwali mai kemis, shi zai riƙa yi. Na miƙa masa kwalba da sirinji. Saura kaɗan in rantse ba zan ƙara taɓa allurar nan ba, sai na tuna da kaffara, na haɗiye. Amma ko ba rantsuwa, na gama.

Laraba, 10 ga Yuli

To, ga hannun Lauwali mai albarka! Fatar cikin Baba ta tashi fiye da cinyar. Na zata zai ji kunya. Ina! Yanzu laifin ya koma kan kwalbar, wai ajiyar da ake mata a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi ce ta ɓata ta. Wa ke ajiyewa? Sadiyya. Muna da wuta ne a Roni balle firji? Kuma haka ma'aikaciyar jinya ta ce a yi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ya sallami Lauwali, wai da kansa zai riƙa yi. Allah ya ba da sa'a.

Talata, 16 ga Yuli

Kwalbar ba ta raguwa, ni na gani. Ruwa kuwa yana sha kamar ana zuba wa a rami, daga randa sai bayan gida. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah kana yin allurar nan?" Ya kau da kai. Can ya ce, "Gara sugan. Ina tsaye a sahu ina susa, ban san raka'a nawa liman ya yi ba." Na kira Yaya, ya ce in lallaɓa shi. Daga Kazaure lallaɓawa ba ta da wuya.

Asabar, 20 ga Yuli

Baba ya faɗi a gonar gyaɗa. Ɗan acaɓa ne ya kawo shi, bakinsa a bushe, bai ma gane ni ba. Muna asibiti a Kazaure, ana masa ƙarin ruwa. Tsoro nake ji.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ya farfaɗo, har ya fara faɗa a kan kunun asibiti, alhamdu lillahi. Likitar ta manna masa wasu 'yan filastoci a baya, yau ta sake dubawa, wuri guda ya yi ja. Ta ce ba insulin ɗin jikinsa yake ƙi ba, wani sinadari ne da ake zubawa a ciki don kada maganin ya lalace, kuma akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi. Za ta sauya masa wani iri, ta haɗa da maganin ƙaiƙayi, a gani. Ta ce, "Baba, ko me ya fito a jikinka ka zo mu duba, amma kada ka sake barin allura." Na ce, "Likita, hannun mai yin allurar fa?" Ta yi dariya, ta ce hannu ba ruwansa. Baba ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta.

Laraba, 31 ga Yuli

Mun dawo gida. Ɗan ja kaɗan yake yi, ba susa. Lauwali ya dawo yi masa allura. Har yau ba wanda ya ce mini ki yi haƙuri. Ba na ma so.

Lahadi, 4 ga Agusta

Da safe Lauwali ya yi sallama, Baba ya ce daga ɗaki, "Koma shagonka, akwai mai yi." Ina kan keken ɗinki, na yi kamar ban ji ba. Sai ga shi ya fito, ya zauna a tabarma kusa da ƙafata, ya ɗage riga, yana kallon bango. Na je gindin randa na ɗauko kwalbar, don kawai kada lokacin allura ya wuce.

Sai da na tsaya na dubi hannuna kafin in soka allurar, ni da na saba. Ashe duk surutun da nake yi, a can ƙasan raina na ɗan yarda da maganarsa.

Da na zare allurar ya ce, "Har kin yi? Ban ji ba."

Gara da ban rantse ba.