Ba a Hawa Dandali da Fatar Akuya

Lahadi, 7 ga Yuli

Da la'asar abokaina Moha da Lahsen suka ja ni gidan matasa kallon wasan kwaikwayo. Ɗaki ɗaya, kujerun roba, labulen ma bargon wani ne. Labarin tsoho ne da ɗansa ya haye teku bai waiwayo ba. Tsohon kuwa Idir mai gyaran keke ne, an shafa masa garin alkama a gemu, da ya buɗe baki sai gari ya tashi. Na daure, Allah shaida ne. Amma da ya durƙusa zai yi kuka sai na sakar masa kukan jaki daga baya. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Da aka tashi, Lalla Itto mai koyar da su ta tare ni a ƙofa. "Kai ne jakin?" Na ce a'a Lalla, ƙanensa ne. Ko murmushi. Ta ce, "Na san ka, Haddu. Kai ke shiga fatun akuya bayan Babbar Sallah kana bin yara da gudu. A cikin fata ba wanda ya san kai ne. In ka isa, ka zo ran Talata ta sama da fuskarka a waje." Ta cusa mini takarda a hannu.

Ina ruwana.

Litinin, 8 ga Yuli

Mun tsayar da Asabar, za mu hau dutse har Tabkin Ifni. Lahsen ya ce shi ne jagora. Mutumin da ya taɓa ɓata tsakanin masallaci da gidansu! Burodi da zaitun nawa, sardin na Moha, butar shayi ta jagora.

Laraba, 10 ga Yuli

Takardar da harufan boko aka buga ta, ni kuwa ban iya su ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Dole na kai wa Moha. Ya ce, "Ashe dai za ka?" Na ce so nake in ji shirmen da ke ciki. Ya karanta, na biya, ya karanta, na biya, kamar a gaban malam, har ina rangaji ban sani ba. Maganar wani makiyayi ce da wansa ya tafi Turai. Ta zauna daram a kaina.

Hadda ba komai ba ce. Idanun mutane ne.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na gwada a gaban madubin Inna. Fuskata ta ba ni kunya. Na yi mata gwalo na fita.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ƙafafuna ba nawa ba ne yau. Jiya tun kafin mu bar itatuwan goro na zuba wa Lahsen duwatsu a jaka. Ya hau da su yana haki, yana cewa iskar sama ce ke da nauyi. Sai a bakin tabki da ya zo ciro buta ya gani. "Haddu, ɗan banza, Allah ya haɗa ka da alfadari mai harbi!" Moha har kwanciya ya yi.

Bayan shayi Lahsen ya ce sai na biya shi, in hau wancan falalen in yi musu makiyayin. Na hau da niyyar in yi muryar tsohuwa in ɓata abin. Ban san me ya faru ba, muryata ce ta fito. Na kai inda yake cewa, "Ka tafi da takalmina ka bar mini naka, kuma naka ba ya shiga ƙafata."

Moha ya juya yana kallon ruwa. Sai a nan na tuna wansa Bassu, da ya shiga kwalekwale zuwa Turai bara, har yau ba labari. Na ce in bari? Ya ce, "Ƙarasa, jaki."

Tunda nake ban taɓa yin magana aka ƙi dariya na ji daɗi ba.

Talata, 16 ga Yuli

Wucewa kawai nake ta ƙofar gidan matasa. Sai ga ni a kan dandali, na ci kalma ɗaya, Idir ya ɗora ni a kai, shi da na yi wa kukan jaki. Lalla Itto ta ce in daina kallon ƙasa, ba can 'yan kallo suke ba.

Ba wai na shiga ba ne. Na dai ce wa Kawu mai gidan burodi duk Talata da la'asar ya nemi wanda zai tsaya masa a tanda a madadina.