Muryar Nives

Daga Ferrara

Ornella,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da sauran 'yan mujalla. Tun da na yi ritaya na bar miki kujerar edita ban roƙe ki komai ba, yau dai na zo. Ga layi ɗaya don shafin "Ko kun san?": "A tsohon fim ɗin nan na matar masunci, muryar da ta sa Italiya kuka ba ta 'yar wasan ba ce, ta Nives Tondelli ce."

Kin san aikin lokacin. A ɗauki hoto 'yar wasa tana motsa baki, daga baya wata ta ɗora murya, ko sunanta ba a rubutawa. Nives yayata ce. Mantuwa ta fara cin ƙarfinta, ina so ta ga sunanta a buge tun tana gane shi.

Naki,
Gaspare

Daga Torino

Malamina Maestro Gaspare,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jikin Nives? Wasiƙarka ta taɓa ni, amma a gurbin hujja ka rubuta "na ji da kunnena". Kai da ka taɓa mayar mini da shafi guda saboda hujjata direban tasi ne! Sannan Italiyar da ta yi kuka, wa ya bi gida-gida ya gani? Na cire wannan.

Na bincika. Kamfanin fim ɗin ya daɗe da rushewa, babu jaridar da ta ambace ta. Iyakar abin da zan iya shi ne "ana cewa". Ka yi haƙuri, raina bai so ba.

Ɗalibarka,
Ornella

Ornella,

Na gode, kina da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma "ana cewa" rigar jita-jita ce, ba zan sa wa yayata ita ba. Bar shi kawai. Jiya ma da sunan babanmu ta kira ni. Ki huta lafiya.

Gaspare

Maestro,

Barka da war haka. Kada ka yi fushi, ranar Lahadi na je gidan tsofaffin da Nives take ban faɗa maka ba. Na tafi da fim ɗin da na'urar ɗaukar murya da shaidu biyu. Na kunna, na kashe sautin. Matar masunci na buɗe baki Nives ta kama, kalma bayan kalma, har inda ake jan numfashi. Mai jinya ta ce, "Yau ko shayinta ba ta gane ba fa." Na fita waje na yi kukana.

Wani masanin sauti ya gwada muryar da na ɗauka da ta fim ɗin, ya sa hannu cewa ɗaya ce. Layinka zai fito da sunanta, ba tare da "ana cewa" ba. Ina gaishe ku duka.

Ornella

'Yata Ornella,

Mujalla ta iso, na kai mata. Ta daɗe tana kallon shafin, sai na karanta mata. Ta yi murmushi ta ce, "Ashe yarinyar ta iya aiki. In ka gan ta ka gaishe ta."

Na ce za ta ji.

Gaspare