Butar Mai Jan Baƙi

Gwandu, 8 ga watan Azumi, 1978

Zuwa ga yayana Bawa, a Kalgo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna shan ruwa lafiya, kai da Salamatu da yara. Yaya damina?

Yaya, raina a ɓace yake. Shekara goma sha tara ina ja wa Malam Sambo baƙi a tafsirin la'asar, ban taɓa fashi ba. Bana larurar fitsarin nan ta sa ni gaba. Ina tsakiyar aya sai ya taso mini, dole in miƙe. In na je kuma, abin bai cika cokali ba.

Shi ne 'yan bakin masallaci suka ce wai tashina raini ne, fassarar Malam ce ba ta gamshe ni ba, na bi sababbin masu wa'azi. Ni, da a hannunsa na sauke Alƙur'ani? Har sun fara gwada muryar wani Lukuman don ya gaje ni. Jiya Malam ko dubana bai yi ba.

Malamin asibitin da ka kai ni wurinsa ya ce mafitsara kamar salka ce mai ɗaurin baki. Sai ta cika take aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ta ba da izinin kwancewa. Tawa marar kunya ce, tana matsewa tun ba ta kai rabi ba. Ya hana ni goro da shayi, na bari. To, wannan zan tsaya in karanta wa jama'a? Gara su cire ni.

Ƙanenka, Jibrin.

Gwandu, 15 ga watan Azumi

Yaya Bawa, gaisuwa da fatan kowa lafiya.

Sun cire ni ɗin. Kwana uku Lukuman na kan buzuna, ina jin muryarsa daga gida, abinci ya ƙi shiga. Ran na huɗu na sami Malam a zaure, kaina a ƙasa, na faɗa masa komai. Ya sallame ni kawai, na fito ina huci.

Washegari ya aiko in koma wurina. Muna tsakiyar karatu, na fara mutsu-mutsu, sai ya rufe littafi, ya jawo butoci biyu daga bayansa. Ya miƙo mini ɗaya, ya ɗauki ɗaya, ya riga ni tashi a gaban kowa. A hanya ya shaida mini shekara shida ke nan shi ma yana fama da irin larurata, yana cije haƙori a kan buzunsa, don tsoron bakunan nan dai.

Yanzu sai su ce Malam ma ya raina fassararsa.

A gaida Salamatu. Ƙanenka, Jibrin.