Karsanar Hamma

Litinin, 9 ga Yuni, 1975
Kawu Sajo kan! Fari ya cinye masa shanu kaf, amininsa Hamma na garin Sule Tankarkar ya ba shi karsana habbanaye, wato aro, ta haifa masa 'yan maruƙa sannan ya mayar. Na ce ya bari in je in yi mata allurar riga-kafi tukuna. Wai abin kunya ne a duba dabbar amana kamar ta kasuwa. Ni da gwamnati ta ɗauka malamin dabbobi, a gidanmu ban isa in taɓa saniya ba.

Laraba, 11 ga Yuni
Kawu ya koro ta a ƙafa har gida Gagarawa, cikin ruwan farko, ko hutu babu, don mutane su gani. Haba!

Juma'a, 13 ga Yuni
Goggo, matar Kawu, ta aiko wurin aikina a Gumel in zo maza. Wuyan karsanar ya kumbura, yawu na dalala, numfashi kamar zuga-zugi. Na yi allura, amma an makara.

Asabar, 14 ga Yuni
Ta mutu.

Lahadi, 15 ga Yuni
Raina ya ɓaci ƙwarai. Kawu ya rantse Hamma ya san tana da ciwo ya ba shi, kuma ranar kasuwar Maigatari zai faɗa masa a gaban jama'a. Mutumin da suka yi kiwo tare tun ba a haife ni ba!
Na faɗa masa abin da likitanmu ya koya mana. Ƙwayar ciwon nan tana zama a maƙogwaron saniya lafiyayya, ba ta yin komai. Umarnin yin ɓarna yana cikin halittarta, amma a kulle. Sai dabba ta gaji, sanyi ya kama ta, jikinta ya saki, ƙwayar ta ji alama, ta buɗe makamanta. Hamma ba shi da idon da zai gan ta. Na ce, "Kawu, tafiyar nan ce ta tashe ta."
Ya ce, "Ƙwaya mai barci? Da tabarmarta ko?" Goggo ta ce in yi shiru. Na hau kekena ko tuwon ban ci ba.

Alhamis, 19 ga Yuni
Na je Maigatari. Na hango Hamma a kara, wajen shanu. Na jira har la'asar, Kawu bai zo ba. Kunya ce ko taurin kai, oho masa.

Asabar, 28 ga Yuni
Hamma ya ji labari ya zo da kansa, da wata karsana ja. Wai a hankali suka taho, suna kwana a hanya. Kawu ya kasa ɗaga ido. Kawun da kansa ya aiko a kira ni, wai in zo da "ƙarfen nan nawa". Na tarar ya yi mata rumfa, ya lulluɓe ta da bargonsa. Ban ce na huce ba, har yanzu bai ba ni haƙuri ba. Amma da na zaro allura sai ya riƙe hannuna, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "A hankali, ɗan nan. Kada ka tashe ta."
Na ci tuwon Goggo, har da ƙari.