Rabin da Ban Auna Ba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni kam na gaji, gajiyar da barci ba ya cire ta.

Kana yi mini dariya cewa na gudu daga shagon ɗinkinka na faɗa cikin wani zaren. Haka ne, a ka'idar da muke aiki a kai, komai na duniya daga wasu 'yan zarurruka yake, waɗanda ido ba zai taɓa gani ba. Takardar da na shekara shida a kanta ta ce akwai wani ɓoyayyen ƙarfi, kamar na maganaɗisu, amma mai rauni ƙwarai, shi ya sa babu na'urar da ta taɓa jin sa. Rauninsa kuwa ya zo ne daga cewa lissafin yana da ɓangare biyu iri ɗaya, suna kashe juna. Sai na lissafa rabi na ninke, yadda kake ninke yadi ka yanka sau ɗaya.

Wata takwas ke nan ina lallaɓa ɗaya rabin, don in cika shi kawai. Ranar Litinin na gama. Baba, bai yi daidai ba. Bambancin ɗan mitsitsi ne, amma ya isa ya sa ƙarfin ya yi girman da, in da yana nan, da tuni an gano shi. Ba a gano ba. Ke nan takardata ta mutu.

Saura mako uku kwamiti ya zauna kan ba ni aikin dindindin, kuma wannan takardar ce a gabansu. Masana biyu sun duba ta sun wuce. Ni kaɗai na sani. In na yi shiru, wa zai ɓata wata takwas yana bin sawuna?

'Yarka

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa.

Na karanta wasiƙarki sau uku, biyu da tabarau. Ƙarfin nan naki ban gane shi ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. Amma kin ɓata mini suna! Wa ya ce miki ina ninke yadi in yanka shi ke nan? Ke dai kullum ina cikin yanka kike surar jaka ki tafi makaranta, ba ki taɓa ganin sauran aikin ba. Bayan yanka warewa nake yi, in rage gefe ɗaya. Ban taɓa auna mutumin da kafaɗunsa suka zo ɗaya ba. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta damanta ta sauka da faɗin yatsa. Shekara talatin ina rage mata, har ta bar duniya ba ta sani ba.

Sau ɗaya na yi ƙyuya. Kwat ɗin wani malamin makaranta ce, ina sauri, na bar ta yadda na yanka. Bai lura ba, har godiya ya yi. Shekara tara mutumin nan yana wucewa ta ƙofar shagona da kwat ɗin, yana ɗaga mini hannu, ni kuwa in duƙa kamar ina neman allura. Wallahi na tsani ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin wucewarsa.

Ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba. Na san wahalar da kika sha, kuma aiki ba ya tsinto a titi. Ki ci abinci dai, a hoton da kika turo wuyanki duk ya fito.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na janye takardar. Shugaban sashenmu ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, sannan ya ce, “Mako uku kacal, me ya hana ki jira?” Aikin kuma wani aka ba.

Na kwashe littattafaina a kwali huɗu, na goge allon ofis da hannuna. Ban ji daɗi ba, kada in yaudare ka. Ina zuwa ranar Alhamis. Ka ɗinka mini riga, ai kana da awona.

'Yarka

*

'Yata,

Allah ya kawo ki lafiya. Na share ɗakinki.

Rigar na yanka, amma ban ɗinka ba. Shekara shida kina rataya jakar littattafai a gefe ɗaya. Sai na ga kafaɗarki tukuna.

Babanki